Kakar Cikin Waya

"Matsar da ita jikin ƙofa! A'a, ba haka ba, ki miƙar da ita tsaye, ta daina lanƙwashewa!"

Tun daga kan matakala nake jiyo muryar Tela. Na tura ƙofarta da gwiwar hannu, kofunan shayi biyu suna ƙona mini yatsu, na tarar da ita inda na san zan tarar da ita: zaune gaban keken ɗinkinta, ta jingina waya da gwangwanin maɓallai, tef ɗin awo rataye a wuya, tabarau a can ƙarshen hanci. A cikin wayar surukarta ce ke fama da wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai tukkun gashi biyu. Uwar na son tsayar da ita a jikin ƙofar falo, yarinyar kuwa sai zillewa take tana ƙyalƙyala dariya.

"Mama, ba fa za ta tsaya ba," in ji surukar, tana haki.

"To kanta ya wuce mariƙin ƙofar?"

"Ya kusa dai."

"Kusa ba awo ba ne, 'yar nan. Takwara! Ke Takwara! Tsaya Kaka ta gan ki."

Yarinyar ta rugo a guje ta cika allon wayar da hanci da haƙora. "Kaka! Kaka, kin ga takalmina!" Sai hoton ya daskare, sabis ya ɗauke, aka bar Tela tana yi wa hancin jikarta murmushi.

Na dire mata shayinta. "An gama awon?"

"Ke dai bari, Nas. Yarinyar nan ta fi kifi santsi."

Nas nake, haka kowa ke kirana a benen nan, ko da yake rabona da farin kaya da allura an daɗe. Ƙofata na kallon ƙofar Tela a hawa na biyu. Mazajenmu sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'ya sun watse neman abinci, aka bar mu mu biyu muna gadin baranda da tsegumin masu wucewa. Ita Tela ɗa ɗaya Allah ya bar mata, Injiniya, yana aiki a wani gari da in ka tashi da safe a mota, kafin rana ta take ka isa. Shi ya haifi Takwara, ya sa mata sunan mahaifiyarsa. Rabon Tela da ta riƙe yarinyar a hannu tun tana jaririya cikin tawul, ga shi yanzu har ta shiga shekara ta huɗu tana zuba surutu.

A kan teburin yanka akwai wani yadi ruwan ƙwai mai ƙananan furanni, a ninke, an lulluɓe shi da leda. Ta saye shi ne don rigar Takwara. Amma Tela na da doka tun tana da shago a bakin titi: almakashinta ba ya shiga yadi sai ta ɗora tef a jikin mai shi da hannunta. Manyan mata sun sha aiko mata da tsohuwar riga su ce ta kwatanta, ta mayar musu da abinsu. Surukarta ta sha cewa, "Mama, bari in auna ta in faɗa miki," sai ta ce awon wani ba ya yi mata ɗinki. Ni dai na san ba awon ne ya dame ta ba. So take ta ji ɗumin yarinyar a tafin hannunta, ta shinshini kanta, ta ji nauyinta a cinya. Shi kuwa Injiniya kullum amsarsa ɗaya ce: "Ƙarshen wata, Mama, in Allah ya yarda." Ƙarshen watan nan nasa ban san a kalandar wace ƙasa yake ba.

* * *

Kada a ce na zagi waya, gaskiya ɗaya ce. Kafin Injiniya ya aiko da ita, Tela ta zama abin tausayi. Ta rufe shago, gwiwa ta hana ta sauka ƙasa, sai ta wuni tana kallon bango, in na yi mata magana ta amsa da ka. Wayar nan ce ta dawo mana da ita.

Wata tsohuwar ƙawarmu, Hedimistires, ita ta buɗe mana guruf, ta raɗa masa suna "Ba Mu Tsufa Ba". Tsofaffi ne zalla, kowace da ciwonta da bakinta. Da gari ya waye sai ruwan hotunan furanni da addu'o'i, kowace ta turo, kowace ta amsa wa kowace, har wayar ta yi zafi. Hedimistires na bin saƙon kowa tana gyara rubutu. Wata da muke ce wa Matar Direba kuwa ba ta iya sakin maɓallin ɗaukar murya ba, sai ta turo mana saƙo mai tsawon huɗuba, ba abin da ke ciki sai ƙarar tukunya da faɗan da take yi da mijinta kan ya ɓatar da murfin fulas. Ranar Tela ta yi dariya har sai da na bubbuga mata baya.

A cikin wayar ta gano wata 'yar ajinsu da aka ce mata ta mutu tuntuni, ashe tana nan da ranta har da kiwon zomaye. A ciki muka samo wata mata mai koyar da motsa jiki a kan kujera, muke binta kowace safiya, muna ɗaga ƙafa muna nishi muna tsine mata. Abin da ya fi yi wa Tela daɗi kuwa shi ne kallon telolin zamani suna koyar da ɗinki. Sai ta gyara zama ta ƙura ido.

"Dubi wannan, don Allah! Ko alli bai sa ba ya kama yanka. Kai, ɗan nan, ubanwa ya koya maka sa zif haka? Nas, rubuta masa, ki ce na ce hannun rigar ya karkace."

Ni ke auna mata hawan jini, kuma na ga yadda ya sauka. Ta koma cin abinci, ta koma tsokana. Don haka duk wanda ya ce waya ba ta yi wa tsofaffi rana ba, ya zo ni da shi.

Matsalar ta faro ne daga Matar Direba. Wata rana ta turo hotonta a guruf, muka ga wata budurwa mai kumatu luwai-luwai da ido dara-dara. Hedimistires ta rubuta, "Wannan jikarki ce?" Ta ce ita ce da kanta, wai akwai wani wuri da ake dannawa, filta sunansa, yana goge tamoji ya ciko kumatu ya haska fuska. Kafin yamma duk guruf ɗin ya koma na 'yan mata. Ni ma na gwada, na ga wata mai kama da ƙanwata ranar aurenta, na ce a'uzubillahi na kashe abina.

Tela ba ta kashe nata ba. Ta daɗe tana kallon kanta, tana juya wuya hagu da dama.

"Nas, haka fa nake lokacin da Malam ya fara tsayawa a ƙofar shagona wai yana neman mai ɗinke masa aljihu."

"To yanzu wa za ki yaudara? Malam dai ya tafi."

"Ke kin fiye baƙin ciki."

Da Injiniya ya kira da yamma, ina zaune. Ya ce, "Kai, Mama! Wannan kyau haka? Lallai hutu ya karɓe ki." Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya kamar amarya. Tun daga ranar ba ta ƙara amsa kiran bidiyo ba sai da filta. Takwara kuwa a lokacin ne ta fara wayo, ta fara gane fuskoki. Kakar da ta buɗe ido ta sani ita ce wannan mai sheƙin goshi.

* * *

Da damina zazzaɓi ya kwantar da Tela. Ba wani abin tashin hankali ba ne, na ba ta magani ya sauka, amma ya tafi da ɗan naman da ya rage mata. Wuyanta ya zama kamar na kazar da aka fige, idanu suka faɗa. Duk da haka, in wayar ta yi ƙara, sai ta ce in tayar da ita in jingina ta da filo, ta gyara ɗankwali, ta danna abin nata.

"Lafiya ƙalau, Babana. Mura ce 'yar kaɗan. Ina ƙawata?"

"Ai na ga alama, Mama, kin fi ni ƙoshin lafiya. Ƙarshen watan nan akwai aiki, amma na gaba in Allah ya yarda."

Da ta ajiye wayar ban san lokacin da na fashe ba.

"Wallahi Tela kina ba ni haushi! Mutum yana ganinki kullum kina ƙyalli kamar sabon faranti, me zai taso shi? Kin sa ya ɗauka ya sauke nauyi. Ya saya miki data, ya ga kin karanta saƙo, shi ke nan ya gaida uwarsa!"

"To so kike in ɗaga masa hankali? Yaron nan aiki ya yi masa yawa."

"Aikin ya fi wanda kika yi a kansa? Ina ce a kan keken nan kika kwana kika wuni har ya zama Injiniyan? Zumunci a ƙafa yake, ba a yatsa ba."

Ta hau murza bakin zanin gado. Can ta ce, a hankali, "Kin san abin da ke ba ni tsoro, Nas? Kada yarinyar nan ta yi girman da ba za ta ɗauku ba. Yanzu ma ban san ko gwiwata za ta iya da ita ba."

Na tashi na hau wanke kofunan da na riga na wanke.

Ƙarshen wata ya zo ya wuce, na gaba ma ya bi shi. Ranar nan da safe na shigo na tarar da ita tsaye gaban durowar da take tara ƙyallaye, fuskarta ɗauke da irin murmushin yaron da ya saci sukari.

"Na kashe wayar," in ji ta. "Na binne ta a ƙarƙashin ƙyallaye. In ya neme ni ya rasa, ai dole ya zo ya ga ko na mutu."

Na tafa hannu. "Yau kika yi hankali! Amma za ki iya?"

"Ni? Da can da waya aka haife ni?"

Ba a yi awa guda ba sai ga ta a ɗakina, wai ta zo aron gishiri. Ta zauna ta ƙura wa wayata ido.

"Me suke cewa a guruf?"

"Ina ruwanki? Ba ke kika yi yaji ba?"

"Ɗan duba mini ko Matar Direba ta ga murfin fulas ɗin."

Haka muka yi ta yi. Ta ari gishiri, ta ari ashana, ta ari abin da ko sunansa ba ta tuna ba. Amma ta daure, ba ta tono wayarta ba. A maimakon haka ta kama gyaran gida. Ta sa aka wanke labule, ta share ƙarƙashin gado, ta shanya ƙaramar katifa a baranda, ta goge keken ɗinki ta ɗiga masa mai. Ta fito da yadin nan ruwan ƙwai ta sa masa dutsen guga, ta wasa almakashi. Ko motsin mota ta ji a ƙasa sai ta dafa bango ta leƙa taga.

Kwana biyu a tsakani wayata ta yi ƙara. Injiniya ne.

"Anti Nas, ina wuni? Don Allah Mama lafiya? Na ga ba ta hau layi ba."

Tela na gabana tana yi mini alama da hannu da ido da haɓa, ban ma san me take nufi ba.

"To, ɗana, gani ya kori ji. Ka zo ka duba ta mana."

"Ba ta da lafiya ne?"

Ƙarya ba halina ba ce. Na ce, "Tana nan tana cin abincinta."

"Alhamdu lillahi! To wayar ce ke nan. Dama ta tsufa. Kada ki damu, Anti, ki ce mata gobe-goben nan za ta ga saƙo."

Tela ta dafe ƙirji. "Kin ji? Gobe! Ya ce gobe!"

"Saƙo ya ce."

"Ke ba ki san shi ba, haka yake maganarsa a dunƙule tun yana yaro."

Washegari ta yi wanka tun da sassafe, ta sa rigar da ta fi so, ta dafa shinkafa da kaza mai yawa, ta sayo alewa da biskit ta jera a faranti. Wajen azahar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Matar da ke cewa gwiwa ta hana ta sakat, sai ga ta ta riga ni isa. Ta buɗe, hannuwa a ware.

Wani ƙato ne tsaye da hular kwano a ka, riƙe da kwali.

"Sannu, Mama. Saƙo ne daga ɗanki. Sabuwar waya ce, an saita komai har da layi a ciki."

Tela ta leƙa bayansa, ta leƙa matakala, ta dawo ta kalli kwalin. Ni ma na kalle shi. Ban san wadda ta fara ba, sai ga mu muna dariya, irin dariyar da ke sa mutum ya nemi bango ya dafa. Muka yi ta yi har hawaye, mutumin na tsaye yana kallonmu kamar ya shigo gidan mahaukata. Tela ta share ido ta ce, "Shigo, ɗana, shigo ka ci kaza. Ai kai ne baƙon."

Ya kuwa zauna ya ci abinsa, bai yi fulako ba. Yana cikin suɗe yatsu kwalin ya kama ruri. Tela ta zaro sabuwar wayar, ta ga hoton ɗanta, hannunta ya riga tunaninta, ta danna.

Injiniya na zaune a ofis da murmushinsa a shirye. "Mama, kin ga saƙo? Wannan ta fi waccan kyamara mai..."

Maganar ta maƙale. Ya matso da fuskarsa, ya cire tabarau ya mayar.

"Mama? Ke ce? Me ya same ki?"

Sai a lokacin ta tuna sabuwar waya ba ta san filta ba. Ta kai hannu za ta rufe fuska, ta fasa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

"Ba abin da ya same ni, Babana. Tsufa ne."

"Amma shekaranjiya-shekaranjiyar nan na gan ki..."

Na cusa kaina cikin allon. "Abin da ka gani fenti ne. Wannan ita ce uwarka."

 Ya ce, muryarsa ta sauya, "Ranar Asabar muna hanya. Dukanmu."

Da kiran ya katse Tela ta miƙe ta taka rawa, rawa sosai, da gwiwar tata da komai, ɗan aiken na yi mata kiɗa da cokali a bakin faranti. Kafin la'asar duk guruf ya ji labari a wayata. Hedimistires ta ce a ɗauki hoto, Matar Direba ta turo guɗa mai tsawon zance.

* * *

Sun iso da hantsi. Daga taga muka ga motar ta tsaya, muka ga an fito da 'yar mitsitsiyar cikin jar riga, tana tsalle tana jan hannun uwarta. Muryarta ta riga ta hawowa: "Gidan Kaka! Gidan Kaka!"

Tela ta tsaya a bakin ƙofa, tef a wuya. Injiniya ne ya fara shigowa. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya kasa ɗaga ido. Ta dafa kansa sama-sama, hankalinta na bayansa.

"Takwara! Ƙawata! Zo, zo, zo!"

Yarinyar ta ja birki a kan matakalar ƙarshe. Ta kalli tsohuwar da ta ware mata hannu, ta kalli wuyan, ta kalli faɗaɗɗun idanun da bakin da ba haƙoran gefe. Ta koma bayan uwarta ta cusa kai cikin zani.

"Ina Kaka?"

"Ga ta nan, ga Kaka," in ji uwar tana dariyar kunya. "Je ki gaishe ta."

"Ba ita ba ce."

Muka yi dariya dukanmu. Na ce ƙiwa ce, yanzu za ta sake. Aka shiga, aka zauna, aka zuba abinci. Tela ta miƙa alewa, yarinyar ta ƙi karɓa sai da aka bi ta hannun uwarta. Ta rera mata 'yar waƙar da suke yi tare a waya, yarinyar ta ɗago kai da sauri ta dubi jakar uwarta inda wayar take, ta dawo ta harari tsohuwar da ta sace waƙar Kaka. Tela ta kwaikwayi kukan kyanwa, ta ɗora murfin tukunya a ka, ta ɓuya a bayan labule ta leƙo. Ni kaina na yi dariya. Takwara ko gezau.

Can da aka ga ta ɗan sake tana wasa da maɓallai a ƙasa, Tela ta zamo daga kujera a hankali, ta rarrafa da gwiwar nan mai ciwo, ta warware tef. Yatsunta sun kusa taɓa kafaɗar yarinyar ke nan, sai ta waiwayo. Ƙarar da ta ƙwalla har maƙwabtan ƙasa sai da suka leƙo. Ta maƙale a wuyan uwarta tana shure-shure.

"Ku kai ni wurin Kaka! Kun ce za mu je wurin Kaka! Ni Kakata nake so!"

Injiniya ya daka mata tsawa, kukan ya ƙaru. Uwar ta jijjiga ta, ta fita da ita baranda, ta dawo, a banza. Ta ƙi ruwa, ta ƙi biskit, ta yi kuka har muryarta ta dushe tana shessheƙa, sunan Kaka kawai take kira. Ga rana ta fara karkata, su kuma sun ce a ranar za su juya saboda aiki.

Tela na zaune a ƙasa inda ta rarrafa ta tsaya. Na miƙa mata hannu ta tashi. Ta shige ɗakin ɗinki, na bi ta na tura ƙofa. Ta buɗe durowa, ta tona ƙyallaye, ta zaro tsohuwar wayar ta kunna.

"Tela, kada ki yi haka," na ce. "Ki bari ta saba. Yau ɗaya ce."

"Yau ɗayar ce da ni, Nas. Ba zan bari ta tafi da kuka daga gidana ba."

Ta zauna gaban keke, ta jingina wayar, ta gyara ɗankwali. Ta goge idonta da bayan hannu sosai, ta danna filta, ta kira surukarta.

Ta bango muka ji wayar na ruri a falo. Muka ji kukan ya tsaya cak.

"Kaka!"

Muryar sau biyu take iso mana, ta bango tukuna, sannan ta waya. A allon ga fuskar Takwara jiƙe da hawaye da majina, tana dariya da dukan haƙoranta. A bayanta ina hango Injiniya tsaye, ya juya wa kowa baya yana kallon taga.

"Ƙawata! Wa ya taɓa mini ke?"

"Kaka, mun zo ba kya nan. Ina kika tafi?"

"Ina nan kusa, ƙawata. Kusa sosai."

Yarinyar ta waiwaya ta dubi ƙofar ɗakin da muke, ta matso da bakinta jikin wayar ta rage murya.

"Kaka, akwai wata tsohuwa a gidan nan. Tana so ta kama ni."

"Haba? Ai kuwa ba ta isa ba."

"Ki ce mata kada ta taɓa ni."

Matar cikin allon ta yi murmushi, kumatunta luwai-luwai, goshinta na sheƙi. Wadda ke gabana kuwa haɓarta ce ke rawa.

"To, ƙawata, na gaya mata. Ba za ta taɓa ki ba."

Takwara ta kama ba ta labarin motoci da shanun da ta gani a hanya. Tela na gyaɗa kai tana cewa "iye?", "sai kuma me?". Ta sauke hannuwanta biyu daga kan keken ta ɗora a cinya, inda kyamara ba ta kaiwa, ɗaya ya danne ɗaya.